Darasi na 9: Yadda Ake Zaɓar wa Yaro Kujerar Ɗagawa ta Mota

Wannan darasi na duk mai ɗaukar yaro a mota ne: uba, uwa, kaka, yaya, ko direban da ke kai yara makaranta. Maganarmu a kan yaron da ya wuce kujerar jarirai ce, amma bai isa ɗaura bel irin na manya ba. Yawanci irin waɗannan yara suna tsakanin shekara 4 da 12. Kowa ya tanadi tef ɗin awo, akwai abin da za mu auna.

Bel ɗin mota da jikin manya aka auna shi

Bel ɗin da muke gani a motoci yau, mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, shi ya ƙirƙiro shi a kamfanin Volvo, aka fara sa shi a mota a 1959. Ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Sai dai ba ya zama daidai a jikin mutum sai tsayinsa ya kai wajen santimita 145, kuma yawancin yara ba sa kai haka sai tsakanin shekara 8 da 12.

Ku zaunar da ɗan shekara 6 a kujerar baya, ku ɗaura masa bel, ku koma gefe ku zuba ido. Cinyarsa gajera ce, gwiwarsa ba ta kai bakin kujera ba, don haka ƙafafunsa a miƙe suke. Kafin a jima ya gaji, sai ya zame gaba don ya samu ya lanƙwasa gwiwa. Yana zamewa, bel na ƙasa ya baro ƙugu ya hau ciki, ya kwanta a kan cibiya. Na sama kuma yana gugar wuyansa, wani lokaci har kumatu. Yaro ba zai jure wannan ba. Zai kama shi ya cusa a hammata, ko ya jefa shi bayansa, ya ci gaba da wasansa. Mai tuƙi ya leƙa madubi ya ga bel a jikin yaro, hankalinsa ya kwanta.

To, ga inda haɗarin yake. Motar da ta yi karo tana gudun kilomita 50 a awa, ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kusan bene hawa uku. Duk wannan ƙarfi a kan bel yake sauka, bel kuma ya sauke shi a inda yake kwance a jiki. In a kan ƙashin ƙugu da ƙirji yake, ƙashi zai ɗauka. In a kan ciki yake, babu ƙashi a wurin, sai hanji da hanta da saifa. Jikin yaro yakan ninke a kan bel ɗin, ƙashin baya ya karye, laka ta taɓu. Wani yaron ma sulalewa yake yi ta ƙarƙashin bel. Wanda ya cusa na sama a hammata kuwa, haƙarƙarinsa ne a gaba, kuma ba abin da zai hana kansa dukan bayan kujerar gaba.

Kujerar ɗagawa, wadda masu sayarwa suka fi kira busta, aikinta ɗaya ne: ta ɗaga yaro, ta kuma bi da bel ɗin mota ta kan ƙashi. Ba ita ke riƙe yaro ba, bel ne ke riƙe shi. Volvo ɗin dai shi ya fara fito da irinta a 1978. Wani bincike da aka yi a Amurka kan yara 'yan shekara 4 zuwa 8 ya nuna cewa waɗanda ke kan busta, haɗarin jin rauninsu ya ragu da kashi 45 cikin 100 in aka kwatanta da waɗanda aka ɗaura wa bel kawai.

Wasu sukan ce, "Ai sai in sa masa filo." Filo yana lotsewa, yana zamewa, kuma ba shi da abin da zai danne bel ya tsaya a ƙugu. Ba ya maye gurbin kujera.

Shin lokacin ya yi?

Kafin a je saye, a fara duba yaron. Idan har yanzu yana shiga kujerarsa mai maɗaurai biyar, biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin ƙafafu, a bar shi a ciki har ya kai iyakar tsayi ko nauyin da aka rubuta a jikinta. Waccan kujera ta fi riƙe ƙaramin jiki. Iyaye da yawa suna ɗokin cewa ɗansu ya girma, su yi saurin fitar da shi. Sauri kan haifi nawa.

A ƙa'idojin Turai, ana fara hawa busta daga tsayin santimita 100, ko nauyin kilo 15 a tsohuwar ƙa'ida. A Amurka yawancin kujerun daga kilo 18 suke farawa, da shekara 4. Amma awo kaɗai bai isa ba, akwai hali. A kan busta yaro yana da sakewa, zai iya sunkuyawa ya ɗauko abin da ya faɗi, ya juya ya tsokani ƙanensa, ko ya danna maɓalli ya kwance bel. Wanda ba zai iya zama a miƙe daga farkon tafiya zuwa ƙarshe ba, lokacinsa bai yi ba, ko da awonsa ya kai. A ganina, da wuya ɗan ƙasa da shekara 5 ya iya wannan zama.

Mai baya ko marar baya

Busta iri biyu ce. Akwai mai baya, wadda ke da majingini da matashin kai da fikafikai a gefe. Akwai kuma marar baya, mazauni kawai da 'yan hannuwa biyu.

Ga ƙaramin yaro, mai baya ta fi. Tana da ƙugiya a wajen kafaɗa wadda ke riƙe bel na sama a inda ya dace. Tana kare kai da ƙirji idan aka bugi mota ta gefe. Sannan akwai barci, wanda mutane ba su cika tunawa da shi ba. Yaro ya yi barci a kan marar baya, sai ya langaɓe gefe, kafaɗarsa ta fita daga bel. A kan mai baya, kansa zai jingina da fiffike, jikinsa ya tsaya a wurinsa.

Marar baya tana da sauƙin ɗauka, ta dace da babban yaro. A Turai, sababbin samfuran da aka amince da su tun daga 2017 na yaran da suka haura santimita 125 ne. Kuma ba a amfani da ita sai a mazaunin da ke da abin tare kai. A duba: idan saman kunnuwan yaro ya wuce saman majinginin mota ko matashin kai, babu abin da zai tare wuyansa in aka buge su ta baya.

Karanta takardar da ke jikin kujera

Nan ne karatunmu zai yi mana rana. Ku juya kujerar, ku duba ƙasanta ko bayanta. Wadda aka gwada bisa ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya tana da sitika, yawanci ruwan lemu. A jiki akwai harafin E a cikin da'ira da lamba a gefensa. Lambar tana nuna ƙasar da ta amince da kujerar: E1 Jamus ce, E11 Birtaniya. Za ku kuma ga ɗaya daga cikin rubutu biyu. R44/04 ita ce tsohuwar ƙa'ida, da nauyi take aiki, busta a cikinta daga kilo 15 ne zuwa 36. R129 ita ce sabuwa, ta fara aiki a 2013, da tsayi take aiki, busta mai baya daga santimita 100 zuwa 150. Sabuwar ta ƙara da gwajin bugu ta gefe, shi ya sa in da hali ita za a zaɓa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun daina sayar da sababbin kujerun R44 tun 1 ga Satumba 2024. Kujerun Amurka kuma ƙa'idarsu FMVSS 213 ce, kuma sukan rubuta a jiki cewa kujerar ta cika ƙa'idojin gwamnatin ƙasar.

Kujerar da ba ta da irin wannan shaida, ba sunan kamfani, ba ranar ƙira, ba littafin bayani, a bar ta a inda aka gan ta, kome kyan launinta. Haka nan 'yan ƙyallaye da maƙalai da ake tallatawa wai suna janye bel daga wuyan yaro. Da yawansu suna janyo bel na ƙasa ne su hau da shi kan ciki.

Tsada ba ita ce shaida ba. Wurin ajiye kofi da zanen 'yar tsana ba su ƙara wa kujera ƙarfi.

A gwada da yaron, a cikin motar

Gani ya kori ji. Kujera tana iya zama mai kyau amma ta ƙi dacewa da motarku. Ku roƙi mai sayarwa ya bari a gwada, ko ku tabbatar za a karɓa in an mayar.

A ajiye ta a kujerar baya, a wurin da bel ɗinsa ke da na kafaɗa da na ƙugu. Wannan sharaɗi ne babba: ba a ɗora busta a mazaunin da bel ɗinsa na ƙugu ne kaɗai, irin wanda ake samu a tsakiyar kujerar baya ta tsofaffin motoci. Gindinta ya zauna daram, kada ta riƙa rawa, kada kuma ta danne makullin bel. Sai yaro ya hau, ya manna bayansa. A jawo bel a bi da shi ta hanyoyin da aka yi wa alama, yawanci ja ko kore. Na ƙasa ya bi ta ƙarƙashin hannuwan kujerar, ya kwanta a saman cinyoyi yana taɓa ƙugu. Na sama ya ratsa tsakiyar ƙirji, ya hau tsakiyar kafaɗa, tsakanin wuya da ƙarshen kafaɗar. A ɗaga matashin kai ko a sauke shi har ƙugiyar bel ta zo daidai kafaɗa ko sama da ita kaɗan. A tsuke bel, a warware shi in ya murɗe.

Saura gwaji ɗaya. Ku ce wa yaron ya ɗan sunkuya gaba ya dawo. Bel ya kamata ya bi shi ya koma da kansa. In ya maƙale a ƙugiya ya bar sako-sako, wannan kujera ba ta dace da wannan mota ba.

Wasu kujerun suna da ƙarafa biyu a baya da ake kira ISOFIX, masu shiga wasu ƙugiyoyi a kujerar mota. Suna hana busta motsi, amma duk da haka bel ne ke riƙe yaro. Wadda ba ta da su, a ɗaure ta da bel ko da babu kowa a kai, don kada a taka birki ta tashi ta bugi wani.

Ta hannu

Ba kowa ke da halin sabuwa ba, kuma ba laifi ba ne a karɓi ta hannu, in an san tarihinta. Tambaya ta farko: an taɓa yin hatsari da ita? In an taɓa, ko ba a sani ba, a haƙura. Tsagewar roba takan ɓoye a ciki inda ido ba ya kaiwa. A cire rigar kujerar a duba roba da soson da ke ƙarƙashi. A nemi ranar ƙira. Kamfanoni da yawa suna ba kujera wa'adin shekara 6 zuwa 10, saboda zafi da daɗewa suna cin roba.

Kullum, ko da nan kusa ne

"Ai nan kusa za mu." "Ai na riƙe shi a cinya." Duk mun saba jin waɗannan. Hatsari ba ya tambayar nisan tafiya, kuma babu hannun da zai iya riƙe yaro a lokacin karo. Kada a haɗa yara biyu a bel ɗaya. A cire wa yaro jakar makaranta da rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaura, domin suna hana bel kama jiki. Likitocin yara a Amurka suna ba da shawarar yaro ya zauna a baya har ya cika shekara 13, saboda jakar iska ta gaba, wadda ke kumbura nan take idan mota ta yi karo, tana fitowa da ƙarfin da aka auna don babba.

Yaushe za a daina?

Dokoki sun bambanta. A Birtaniya sai yaro ya kai shekara 12 ko santimita 135, duk wanda ya riga zuwa. A Jamus awon santimita 150 ne ga ɗan ƙasa da shekara 12. Kowa ya nemi sanin dokar ƙasarsa. Amma jikin yaro shi zai ba da amsa. A zaunar da shi babu busta. Bayansa ya manne da majingini? Gwiwarsa ta lanƙwashe a bakin kujera ba tare da ya zame ba? Bel na ƙasa yana saman cinya? Na sama yana tsakiyar kafaɗa? Zai iya zama haka har a isa? In amsa ɗaya ta zama a'a, ya koma kan busta. A kuma sake gwajin in an canja mota, don kujerun motoci ba zurfinsu ɗaya ba.

Aikin gida

Ku tsayar da yaro a jikin bango babu takalmi, ku auna tsayinsa da santimita. Ku auna nauyinsa da kilo. Ku rubuta duka biyun a littafinku tare da kwanan wata.

Sannan ku amsa a rubuce: yarinya 'yar shekara 7, tsayinta santimita 118, nauyinta kilo 21, kuma tana yawan barci a mota. Wace irin busta za a zaɓar mata, kuma don me?

Mai kujerar yaro a gida ya kwafo abin da ke rubuce a sitikarta, harafi da lamba, ya zo da shi aji mu karanta tare.