Matakan dakatar da gwanjon gida a Amurka idan karayar arziki ta sami wanda ake bi bashi

'Yan'uwa mazauna Amurka sun sha tambaya: banki ya sa ranar gwanjon gidan da aka jinginar, me za a yi? Ga matakan.

1. Duba takardar banki, ka rubuta ranar gwanjon da lokacinsa.

2. Nemi lauyan da ya ƙware a shari'ar karayar arziki.

3. Halarci zaman shawarar bashi a cibiyar da gwamnati ta amince da ita. Dole ya kasance cikin kwana 180 kafin shigar da takardu.

4. Zaɓi Babi na 13 na dokar karayar arziki ta Amurka in kana son gidan ya tsira. Shi ke ba ka shekara 3 zuwa 5 ka biya kuɗin gidan da suka taru a kanka. Babi na 7 jinkiri kawai yake kawowa.

5. Shigar da takardunka a kotun karayar arziki ta tarayya. Da shigarwa, sashe na 362 na dokar zai tsayar da gwanjon nan take.

Hattara: a nan ake asarar gida. In aka yi gwanjon kafin ka shigar, an makara. Kuma in an kori irin wannan shari'ar taka cikin shekarar da ta wuce, kwana 30 kawai dakatarwar za ta yi, sai in alƙali ya tsawaita.

6. Aika wa lauyan banki lambar shari'ar a ranar, don Allah kada ka bari sai gobe.

7. Miƙa wa kotu tsarin biyanka cikin kwana 14 da shigar da takardu.

8. Fara biya cikin kwana 30 da shigar da takardu.

9. Ci gaba da biyan kuɗin gidan na wata-wata. In ka tsallake, banki zai roƙi kotu ta ɗage dakatarwar.