Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa eriya da waya ga rediyon sikana

Wani yaro daga wajen Ƙofar Marusa a nan Katsina ya zo shagona da ƙaramar rediyon sikana, wato rediyon sauraren layukan sadarwa irin na jiragen sama, da yayansa ya aiko masa, ya ce, "Baba, duba mini ita, ina jin ta lalace a hanya." Burinsa ya ji maganar matuƙan jiragen da ke sauka a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua, musamman lokacin jigilar alhazai, amma ba ya jin komai sai shuuu. Na sa mata gajeriyar eriyar robar da ta zo da ita, muka fita tsakar gida, sai ga muryar matuƙi tar. Da muka je gidansu na ga ya kafa doguwar eriya a kan soro, ya jawo siririyar waya ta fi mita talatin, an yi mata ƙari wuri biyu an naɗe da baƙin salatif. Rediyo lafiyarta ƙalau. Abin da eriya ta kamo ne ya tsiyaye a hanya, kamar mai ɗebo ruwa da hujajjen bokiti.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa: a kashe kuɗi a kan na'ura, a raina wayar. Wayar nan mai cibiya a tsakiya da raga a kewaye, wadda masu sana'a ke kira kowaks, tana shan sigina, kuma shan nata yana ƙaruwa da tsawonta da kuma hawan zangon da ake saurare, wanda ake aunawa da MHz. Ana auna asarar da dB, kuma duk dB 3 rabin ƙarfin sigina ne ya tafi. Siririyar nan RG-58, a tsawon mita 30, tana cin wajen dB 5 a zangon jiragen sama, wato 118 zuwa 137 MHz. Kashi biyu cikin uku ke nan ya salwanta kafin ya shigo ɗaki. In ka hau zuwa 450 MHz asarar ta kai dB 10, cikin goma ɗaya ne zai iso. Gyaran farko bai buƙatar ko kwabo: matso da rediyon kusa da inda eriya take, ka yanke duk rarar waya. Wasu na naɗe ragowar su rataye a ƙusa wai ko gaba za ta yi amfani, alhali sigina sai ya bi ta cikin kowane naɗi kafin ya iso.

Daga nan sai batun 50 da 75. Duk wanda ya ɗan leƙa intanet zai dawo yana cewa rediyo ohm 50 ce, wayar dish kuwa ohm 75 ce (ohm shi ne ma'aunin turjiyar lantarki), don haka ba za su haɗu ba. Ga mai watsa magana, maganar tana da hujja. Ga mai saurare kawai, asarar da wannan bambanci ke jawowa ba ta wuce dB 0.2, abin da kunne ba zai taɓa ganewa ba. Wayar dish mai kyau, wato RG-6, wadda masu kafa dish ke yawo da ita a bayan babur, a mita 30 ba ta cin ko rabin abin da RG-58 ke ci, ga araha, ga ta ko'ina a Babbar Kasuwa. Na sha ganin mutum ya tsallake RG-6 da ke ƙofar gidansa, ya aika Kano ko Legas a sayo masa RG-58 don dai an rubuta 50 a jikinta, ya biya kuɗin mota ya sayo asara. In kana da hali kuma nisan ya yi yawa, LMR-400 ta fi su duka, ba ta kai dB 3 a mita 30 a kan 450 MHz, sai dai tana da kauri da tsada, ba ta son lanƙwasa.

Amma ba duk abin da aka buga wa RG-6 ne RG-6 ba, kuma nan aka fi cutar mutane. Kafin ka biya, ka ce mai shago ya fere maka ɗan yatsa guda. Dubi ragar: in ka ga silalla ƙalilan kamar gemun ɗan akuya, da takardar azurfa mai yagewa da an taɓa, ajiye masa abinsa. Raga ita ce katangar da ke hana ƙarar kayan lantarki shiga, in ta yi shara-shara to duk cajar waya da ke gidan sai ka ji ta. Ni kaina an taɓa sayar mini da nadi guda a wani shago da ba zan ambata ba, robar waje ba ta yi shekara ba rana ta farfasa ta. Zafin watan Afrilu a Katsina ba ya raga wa roba, saboda haka baƙa ta fi fara jure rana. Cibiyar kuma ka gwada ta da maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Ga saurare kawai wannan ba laifi ba ne, domin sigina saman waya yake bi, amma da zarar damshi ya taɓa ta sai tsatsa.

Kawunan waya su ne wuri na biyu da aiki ke lalacewa. Yawancin sikana na hannu BNC gare su, mai murɗawa kaɗan ya kulle, ko SMA, ƙarami mai zare. 'Yar na'urar nan ta RTL-SDR da ake soka wa kwamfuta ita ma galibi SMA ce. Wayar dish kuwa kan F take ɗauka. Sai ka ga mutum ya jera adafta uku ko huɗu, F zuwa PL-259 (wani babban kai mai zare), PL-259 zuwa BNC, BNC zuwa SMA, duk nauyin yana rataye a bakin rediyo har ya ɓalle dalmar da ke ciki. Adafta ɗaya ta isa, F zuwa abin da rediyonka ke so, kuma ya fi kyau ka sami wadda take da 'yar gajeriyar waya mai laushi a tsakani don ta ɗauke nauyin. A kula da SMA na eriyar Wi-Fi: zarensa ɗaya ne, zai ɗauru daidai, amma allurar tsakiya a juye take, sai rami ya tarar da rami, babu abin da ya haɗu. Na ga wanda ya kwana biyu yana zargin kwamfutarsa a kan wannan.

Wajen ɗaura kan F, sili ɗaya na raga in ya taɓa cibiya ya kashe komai. Ka duba da kyau a cikin haske, in kana da mitar gwajin lantarki ka auna tsakanin cibiya da raga kafin ka jona eriya, kada su nuna haɗuwa. Ragar RG-6 galibi alminiyam ce, ba ta kama dalma, don haka kada ka ɓata lokaci da ƙarfen soda. Kan da ake matsewa da filaya ta musamman ya fi wanda ake murɗawa da hannu nesa ba kusa ba. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif kuwa, irin na wutar ɗaki, ba ƙari ba ne a wannan sana'a.

Ruwa shi ne mugun da ba a gani. Daga Yuni zuwa Satumba, duk kan da ke waje ba a rufe ba sai ya sha, ruwan ya bi raga ya gangara ciki, jan ƙarfe ya yi kore, alminiyam ya zama farin gari. Sigina ba ya ɗaukewa rana ɗaya, a hankali yake dusashewa har mutum ya fara zargin rediyonsa ta tsufa. PL-259 ba ya tare ruwa ko kaɗan. A naɗe kowane kai da tef ɗin roba mai narkewa ya haɗe da kansa, a bi da salatif a sama saboda rana. Inda waya za ta shiga ɗaki kuma a bar ta ta ɗan sauko ƙasa da ramin sannan ta hau, don ruwa ya ɗige a waje.

Sai wurin kafa eriya. A waɗannan zangunan sigina kusan kamar ido yake, abin da eriya ta hango shi take ji. Lissafin mai sauƙi ne: eriya mai tsayin mita 4 tana hangen wajen kilomita 8, mai mita 16 tana hangen kilomita 16. Ka ga sai ka ninka tsayi sau huɗu kafin nisa ya ninka sau biyu, alhali wayar da ka ƙara tana nan tana cin nata. Abin da ake nema shi ne a wuce rufin kwano da tankin ruwa da katangar maƙwabta, ba a yi gasa da hasumiyar Gobarau ba. Jirgin da ke sama da mita 10,000 kana iya jinsa daga nisan kilomita 400, shi ya sa daga Katsina za ka ji matuƙi yana magana da Kano amma ba ka jin amsar da ake ba shi daga ƙasa. Wannan ba lalacewa ba ce, doron ƙasa ne ya tare.

Eriya a cikin ɗaki ƙarƙashin kwano kamar an kife ta da kwano ne a zahiri. A tsaye kuma ake kafa ta, domin jiragen sama da rediyon hannu duk a tsaye suke watsawa. Wanda ya ɗauko tsohuwar eriyar talabijin ya bar ta a kwance ya zubar da mafi yawan abin da zai ji. Mai son haɗa tasa da hannu, sanda mai tsawon santimita 57 da ƙafafun waya huɗu a gindinta masu irin tsawon sun ishe shi zangon jirage.

Yanzu da sola ta cika gari, inbata da na'urar cajin batir da ƙwan fitila masu araha sun zama babbar hanyar ƙara. Gwajin ba wuya: sa rediyo a batirinta, ka kashe kayan gidan ɗaya bayan ɗaya har ƙugin ya tsaya, sannan ka nisanta eriya da wayarta daga mai laifin. Kada ka yi saurin sayen busta, na'urar ƙara ƙarfin sigina. In kana cikin gari kusa da tashoshin FM, busta sai ta cika rediyon har ka riƙa jin waƙa a layin jirage. Matatar sigina da ke toshe zangon FM, 88 zuwa 108 MHz, ta fi maka amfani, in kuma dole sai busta, a gindin eriya ake sa ta, ba a ɗaki bayan sigina ya riga ya tsiyaye ba.

Fayif ɗin eriya ya yi nesa da wayar wuta, ta yadda ko iska ta kayar da shi ba zai kai gare ta ba. A ɗaure shi da kakkaurar waya zuwa ƙarfen da aka kafa a ƙasa, kuma da hadari ya haɗo a cire waya daga rediyo. Hunturu ma yana da nasa: busasshiyar iska mai ƙura tana tara caji a eriya, har ka ji tas-tas, kuma yana iya ƙona bakin rediyo ba tare da ko gajimare ba.

Abu na ƙarshe da na gaya wa yaron nan, tun kafin mu sauko daga soron, shi ne ya bar layukan jami'an tsaro, dokar laifukan intanet ta 2015 ta hana kutsawa cikin sadarwar da ba ta jama'a ba. A halin da jiharmu ke ciki, baƙuwar eriya a kan gida tana jawo tambaya, don haka na ce mahaifinsa ya sanar da mai unguwa abin da ake yi da ita. Mun sauke fayif ɗin da mita biyu, muka mayar da rediyon ɗakin da ke ƙarƙashinsa, muka sa RG-6 mita 8 da adafta ɗaya. Ragowar tsohuwar wayar mahaifiyarsa ta karɓe ta yi igiyar shanya da ita.