Yadda na gyara makiyayata da ta kusa zama faƙo

Da sakin shanu nake yi a fili ɗaya kullum, su cinye ciyawa mai daɗin har ƙasa su bar min ƙaya, ni a zatona taki ne babu. Wani dattijo da ya daɗe a kiwo ya zagaya filin yace "ɗana ba taki bane, hutu ciyawarka ta rasa."

Sai na raba filin gida 12 da waya mai lantarkin sola, kwana 3 a kowane yanki, da sun ci rabin tsayin ciyawa in matsar dasu gaba, ganyen da ya rage shi ke ciyar da saiwa ta sake toho, kashinsu kuma ya zauna nan ya zama taki. Kowane yanki na samun hutun wata guda kenan.

Inda na kwafsa, kalanda nake bi, ina maido su ciyawa bata farfaɗo ba. A guruf ɗinmu na WhatsApp wani yace in riƙa duba tsayin ciyawar, da rani ma dole hutun ya ƙaru sosai. Ruwan sha kam ya ban wahala, sai da na samu kwami da nake ja ina binsu dashi.