Yadda Ake Gwada Linzami Mai Ƙwallo Kafin a Yanke Masa Hukunci

Duk wanda ya taɓa shiga shagon buga takardu a Katsina a lokacin da ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Kwalejin Hassan Usman suke rububin kammala kundin bincikensu, ya san cewa teburin mai bugu ba shi da wurin da za a ajiye kofin shayi, balle filin da za a yi ta jan linzamin kwamfuta gaba da baya. A kan irin wannan teburi na fara aiki da linzami mai ƙwallo marar waya, kuma a kwana ukun farko sau biyu ina mayar da shi cikin kwalinsa, domin na ɗauka kuɗina ne suka faɗa rijiya. Abin da na fahimta daga baya shi ne, yawancin masu kushe wannan na'ura sun yanke mata hukunci ne tun hannunsu bai saba da ita ba, ko kuma bayan ƙura ta cika cikinta ba su sani ba.

Linzamin da aka saba gani, wanda masu shaguna suke kira maus, shi ake turawa a kan teburi kibiya ta motsa a fuskar kwamfuta. Shi kuwa mai ƙwallo zaune yake daram, ƙwallon da ke jikinsa ake murzawa da yatsa, wani ɗan ido mai haske da ke ciki yana karanta motsin ƙwallon yana aika wa kwamfuta. Dabarar ma ta girmi linzamin da muka sani, domin wani injiniya mai suna Ralph Benjamin ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1946 don aikin na'urar hango jirage ta sojan ruwa, alhali linzamin Douglas Engelbart na Amurka sai a shekarun 1960 ya bayyana.

Kafin a je kasuwa sai mutum ya san yatsan da zai ɗora wa aikin, domin linzaman iri biyu ne. Akwai na babban yatsa, wanda ƙirarsa ta yi kama da linzamin da aka saba, sai dai an dasa masa ƙaramin ƙwallo mai faɗin milimita 34 a gefen hagu. Misalinsa Logitech M570 da ya fito a 2010, da MX Ergo na 2017 wanda ake iya karkata shi har digiri 20 don tafin hannu ya ɗan kwanta a gefe, da kuma M575 na 2020. Akwai kuma na sauran yatsu, mai babban ƙwallo a tsakiya wanda ake juyawa da manuniya da yatsan tsakiya, kamar Kensington Expert Mouse mai ƙwallon milimita 55 da zobe a kewaye da shi don gangarawa cikin shafi. Na babban yatsa ya fi saurin sabo, tun da latsawar hagu da ta dama da tayar tsakiya duk suna inda hannu ya san su. Babban ƙwallo kuwa ya fi ba da iko a aikin da ke buƙatar natsuwa, kuma yana raba wahalar tsakanin yatsu da yawa. Bahago ya lura da kyau a nan: kusan duk na babban yatsa don hannun dama aka ƙera su, saboda haka ko dai ya nemi mai ƙwallo a tsakiya wanda kowane hannu yake iya riƙewa, ko ya nemi ƙirar hagu ta musamman irin wadda kamfanin Elecom na Japan yake yi.

A gaban mai shago, musamman idan na hannu ne za a saya, kada a biya sai an yi gwaji uku. A murza ƙwallon a hankali ƙwarai, kamar mai neman kai kibiya kan ɗigo guda, a ji ko yana tafiya sumul ko yana ɗan cijewa sannan ya zabura. Murzawa da ƙarfi ba ta nuna komai, domin ko lalataccen ƙwallo yana gudu idan an wulla shi. Sannan a latsa maɓallin hagu sau ashirin ko talatin a kan wani fayil, a ga ko latsawa ɗaya tana buɗe shi, domin idan linzami ya tsufa makunnin da ke ƙarƙashin maɓallin yakan gaji ya riƙa ƙirga latsawa ɗaya a matsayin biyu, kuma wannan ciwo ne da galibi ba ya warkewa sai an canza makunnin. Na uku, a buɗe murfin batir a duba ko akwai farin gari ko tsatsa a jikin ƙarafunan, a kuma tabbata ɗan risiban da ake sokawa a kafar USB don ya karɓi saƙon linzamin yana nan, tun da a yawancin ƙirar Logitech a cikin gidan batir ake ɓoye shi. Na taɓa sayen wani a hannun wani mai tsofaffin kayan kwamfuta ban duba ba, sai da na isa gida na tarar babu risiba kuma ƙirar ba ta da Bluetooth, aka bar ni da ƙwallo ina juyawa a banza.

Haɗa shi da kwamfuta ba wuya. Idan ta risiba ne, a soka shi, a kunna linzamin ta ƙasa, cikin daƙiƙa kaɗan kibiya za ta amsa. Idan ta Bluetooth ne, a danne ɗan maɓallin haɗi har fitilarsa ta fara ƙiftawa da sauri, sannan a zaɓi sunansa a jerin na'urorin da kwamfuta ta gano. M570 risiba kaɗai yake da shi, M575 da MX Ergo kuma suna da hanyoyin biyu. Ni na fi son risiba a kwamfutar teburi domin ya fi tsayawa a kan magana ɗaya, Bluetooth kuma ya fi dacewa da laftof mai ƙarancin kafofi. Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba: risiban yana aiki ne a zangon gigahaz 2.4, kuma kafar USB 3.0, wadda sau da yawa cikinta shuɗi ne, tana fitar da hayaniyar lantarki a wannan zango idan an soka mata filashi ko ma'ajiyar bayanai. Idan kibiya tana tsalle-tsalle duk lokacin da ɗalibi ya kawo filashinsa aka soka kusa da risiba, sai a mayar da risiban wata kafa ta ɗaya gefen, ko a jawo shi kusa da linzamin da 'yar wayar ƙari. A rubuce zangonsa yakan kai mita 10, amma akwatin kwamfuta na ƙarfe da aka tura ƙarƙashin teburi yana rage wannan sosai.

Sai batun saurin kibiya, kuma a nan ne mutane da yawa suke karaya. Sabon shiga yakan ga kibiya tana wuce inda yake nufi, ya dawo da ita ta sake wucewa, har ransa ya ɓaci. Maganin shi ne a shiga saitin linzami a Windows a rage saurin ƙasa da yadda aka saba, a bar zaɓin nan da ke sa kibiya ta yi nisa idan an murza da sauri ta kuma rage tafiya idan an murza a hankali. Masu wasannin kwamfuta suna kashe wannan zaɓi, amma ga ƙaramin ƙwallo yana da amfani ƙwarai, domin da shi ne murzawa ɗaya take ƙetare fuskar kwamfuta daga wannan kusurwa zuwa waccan ba tare da an rasa ikon tsayawa tsakanin haruffa biyu ba. Bayan kwana huɗu ko biyar sai a ƙara saurin mataki ɗaya, a ci gaba da haka har a kai inda hannu ya natsu. Manhajar Logi Options+ ko KensingtonWorks tana ba da damar sauya aikin maɓallai. Mai bugun takardu zai ji daɗi idan ya mayar da ƙananan maɓallai biyun nan na gefen manuniya su zama na kwafa da liƙawa.

Gwajin gaskiya mako biyu ne, kuma sharaɗinsa shi ne a ɗauke tsohon linzamin a kulle shi a durowa, domin muddin yana kan teburi hannu zai koma masa da zarar aiki ya matsa. A fara da aiki mai sauƙi, karatu a intanet da duba wasiƙu, sannan a shiga Word da Excel. Abin da ya fi wuya shi ne ja, wato danne maɓalli da yatsa ɗaya ana murza ƙwallo da wani, kamar wajen zaɓen sakin layi ko jan hoto. Dabarar da ta cece ni ita ce in latsa a farkon rubutun, in danne Shift, in latsa a ƙarshensa, sai duk abin da ke tsakani ya zaɓu ba tare da an ja komai ba. Zama ma yana da nasa hukunci: gwiwar hannu ta kasance kusa da jiki, sangalin hannu ya kwanta a kan teburi, tafin hannu ya hau linzamin ba tare da an damƙe shi ba. Amfanin na'urar ke nan, kafaɗa da wuyan hannu su huta. Sai dai aikin da aka ɗauke musu bai ɓace ba, babban yatsa aka ɗora wa, saboda haka ɗan tsamin kwana biyu ba abin damuwa ba ne, amma idan gindin yatsan yana zafi har bayan mako biyu, to a daina, a gwada mai babban ƙwallo, idan ciwon ya ci gaba kuma a ga likita.

Yanzu ga abin da ya fi shafar mu a nan. Ƙwallon yana zaune ne a kan wasu 'yan ƙananan duwatsu guda uku masu santsi, kowanne bai fi ƙwayar gero ba, kuma duk abin da yatsa ya shafa wa ƙwallon a kansu yake taruwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo yake rufe gari har mutum ya share teburi da safe ya iya rubuta sunansa a kai da azahar, ga kuma basilin da kowa yake shafawa saboda kaushi, sai ƙura da maiƙo su haɗu su zama wani baƙin danƙo a kan duwatsun nan uku. Ƙwallo ya fara nauyi, kibiya ta fara gardama, mai shi ya ce ai jabu aka sayar masa. Wanda yake taɓa ƙuli-ƙuli ko tsire yana aiki, nasa ya fi saurin zuwa. Gyaran bai kai minti biyu ba. A kashe linzamin, a kife shi, a tura ƙwallon waje ta ramin da ke ƙasa da ɗan yatsa ko gindin biro. Masu babban ƙwallo ma ɗaga shi kawai ake yi. A goge duwatsun uku da audugar goge kunne busasshiya, a hure ƙurar da ke kan gilashin idon, a goge ƙwallon da tsumma mai laushi irin na tabarau, sannan a mayar da shi har a ji ya zauna. Idan bayan gogewa ya ɗan yi tauri, a mulmula shi a tafin hannu mai tsabta, ɗan maiƙon fata ya ishe shi. Kada a kusantar da man keke ko basilin ko kananzir ko fetur, domin mai yana ƙara kama ƙura, fetur kuma yana cin roba. Da damina sau ɗaya a mako biyu ya wadatar da ni, amma da hunturu kowace Asabar nake yi, kuma ina rufe shi da hankici idan zan tashi.

Batir ba ya cikin abin da zai dami mutum. Kamfanin Logitech ya ce M570 yana kai wata 18 da batir ɗaya na AA, M575 kuma har wata 24 idan ta risiba ake amfani da shi, MX Ergo kuwa caji ake yi masa ya yi kusan wata huɗu. Wannan lissafi da batir mai kyau na alkalin aka yi shi. Batir mai araha irin na tocila ba ya daɗewa, kuma a zafin Afrilu, lokacin da ma'auni yake haura digiri 40, yana iya zubar da ruwansa ya cinye ƙarafunan ciki, don haka idan za a yi tafiya ta makonni a cire shi.

A ƙarshen mako biyun sai a fito da tsohon linzamin a yi aikin yini ɗaya da shi, a kwatanta. Mai bugun takardu, da ma'aikacin ofis mai fama da Excel, da malamin da yake ɗora laftof a cinya yana zaune a kan tabarma ko darduma inda linzamin da aka saba ba ya tafiya, galibi za su tarar hannunsu yana neman ƙwallon. Mai zanen katin biki a CorelDRAW da yake yanke hoton amarya gashi-gashi, da matashin da yake wasan harbi a kwamfuta, wataƙila su ga tsohon ya fi musu sauri, kuma ba laifi su ajiye biyun a kan teburi ɗaya, tun da kwamfuta tana karɓar linzami biyu a lokaci guda. A shagon da mutane da yawa suke hawa kwamfuta ɗaya ma hakan ya fi, domin na sha ganin baƙo ya zauna ya kama linzami mai ƙwallo yana ta tura shi a kan teburi, yana mamakin abin da ya hana kibiya motsi.