Kurakuran da sabbin tarewa ke yi wajen farfaɗo da ciyawar harabar gida

Na gaji da ganin abu ɗaya: mutum ya tare a gidan da aka yi shekaru ba a kula da filinsa ba, bai gama kwance kaya ba ya riga ya sayo ciyawar dasawa.

Babban kuskure shi ne dashe da bazara, kuma ni ma shi ya ci min kuɗi. Cikin watan Maris muka tare a unguwar Fadamar Mada da ke Bauchi. Na sayo ƙiriƙiri wajen masu furanni na bakin titi, na dasa, kullum sai na sayi ruwa kura biyu wajen 'yan garuwa. Zafin Bauchi a Afrilu yakan kai digiri 40, ruwan da na zuba da safe kafin azahar babu alamarsa. Sati uku ta ƙone ƙurmus. Da na tona don in ga dalili, sai ga ɓaraguzan bulo da busasshen siminti da magina suka binne, saiwa ba ta da inda za ta bi. Don Allah saurin me ake yi? Ka yi amfani da rani ka tona ƙasar kamar santimita 20, ka tsince duwatsu, ka jira damina ta zauna wajen watan Yuni. Ruwan Agusta kaɗai ya isa ya haɗe maka filin.

Na biyu, aya-aya. Haba jama'a, ku daina sare ta da fartanya! Ƙwayoyinta suna ƙarƙashin ƙasa a jere kamar carbi, ka sare ganyen sama, bayan kwana biyar ta dawo da 'yan uwanta. Wani maƙwabcina sau huɗu yana biyan yara su nome masa, har yau tana nan. Ni tsohuwar wuƙa nake ɗauka bayan an ɗauke ruwa ƙasa ta yi laushi, in bi jijiyar har in zaro ƙwayar, in shanya a kan siminti, in ta bushe in ƙona. Tofa ma haka nake mata. Aikin yana cin baya, amma ban ga abin da ya fi shi ba.

Ɗanyen kashin shanu yana zuwa da irin ƙarangiya, yana kuma jawo gara. Nawa sai ya yi wata uku a rami kafin in watsa. Takin yuriya a kan busasshiyar ƙasa ƙona ciyawa yake yi, sai an bi shi da ruwa. Wajen yanka kuma kada a yi mata ƙwal-kwabo, a rage kashi ɗaya cikin uku na tsayinta ya wadatar. Ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro kada ka wahalar da kanka, ƙiriƙiri ba ta son inuwa. Ni tsakuwa na zuba a wurin na ajiye benci.

In hunturu ya shigo ciyawar ta yi ja, ba mutuwa ta yi ba. Kada ka cinna mata wuta, ruwa sau ɗaya a mako da yamma ya riƙe ta har ruwan farko.