Burusela a zuciya: kurakuran da na gaji da gani

Kuskuren farko nawa ne, shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga sabon likita ya maimaita shi. Ina sabon shiga aka kawo mini wani magidanci, wata uku zazzaɓi na tafiya yana dawowa, gumin dare har ya jiƙa zanin gado. Na ji ƙara a bawul ɗin aorta, ƙofar da jini ke bi ya fita daga zuciya zuwa jiki. Don rawar kai na ɗura masa maganin ƙwayoyin cuta kafin a ɗebi jinin kalca (gwajin tsirar da ƙwayar cuta daga jini), sakamako ya fito babu komai, na saki jiki. Sai da numfashi ya fara gagararsa babban likitanmu ya yi masa tambaya ɗaya: "Malam, mece ce sana'arka?" Mahauci ne. Ashe burusela ce, cutar da ake ɗauka daga dabbobi, ta kama masa bawul ɗin zuciya.

Ku tambayi sana'a! Makiyayi, mahauci, likitan dabbobi, mai shan madarar da ba a tafasa ba, wanda ya taɓa dabbar da ta yi ɓari. Ƙasa da kashi 2 cikin 100 na masu burusela ne take kama wa bawul, amma yawancin waɗanda take kashewa ta nan take bi. Ƙwayar ba ta saurin tsirowa, don haka ni da kaina nake leƙawa ɗakin gwaji in ce su daɗe suna jiran kalcar, su kuma yi hattara, don tana kama ma'aikatansu. A haɗa da gwaje-gwajen jini na gano burusela, Rose Bengal da SAT. Idan ba a ga komai ba a nemi zazzaɓin Q, wata cutar da ita ma daga dabbobi ake ɗauka.

Na biyu ya fi muni: a ba mara lafiya magungunan doxycycline da rifampicin na sati 6 a sallame shi. Wa ya koya muku haka? Wannan na burusela ne da ba ta taɓa zuciya ba. Ni uku nake haɗawa, waɗannan biyun da gentamicin a makonnin farko ina lura da ƙoda, kuma ba na tsayawa kafin wata 6. Likitan tiyatar zuciya tun ranar farko nake kiransa, ba sai huhu ya cika da ruwa ba.

Hoton eko (hoton zuciya) ta ƙirji bai nuna ba? A yi ta maƙoshi. Mai shan warfarin (maganin hana daskarewar jini) kuwa, rifampicin na rage masa ƙarfi, a riƙa auna INR, ma'aunin daskarewar jini, akai-akai.