Yadda ake tsara kwafin ajiya da farfaɗo da VM a cibiyar bayanan kamfani

Yawancin kamfanonin da suke da cibiyar bayanai tasu sun daɗe da barin tsarin saya wa kowane aiki kwamfutarsa. Saba guda mai ƙarfi, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, ita ke ɗaukar kwamfutoci ashirin ko talatin da aka gina da manhaja, waɗanda masu sana'ar suke kira VM, a kan manhajar ɗaukar VM irin su VMware ESXi ko Hyper-V na Microsoft ko Proxmox. A idon mai amfani kowace VM cikakkiyar kwamfuta ce, amma a can ƙasa 'yan fayiloli ne kawai da ke zaune a kan faifai, shi ya sa kwafe ta da mayar da ita ya fi na kwamfutar ƙarfe sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai abin da a da yake warwatse a na'urori talatin yanzu ya taru wuri guda, kuma idan ma'ajiyar faifan ta lalace, ko kalmar sirri guda ta faɗa hannun ɓarawo, albashi da imel da lissafin kaya duk za su tsaya a lokaci ɗaya.

A ganina, kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da sayen manhajar ɗaukar kwafi. Kamata ya yi a fara da ranar da komai ya tsaya, a tambayi yadda za a tayar da shi, sannan a dawo baya ana tsara abin da ranar za ta buƙata.

Tambayoyi biyu kafin a sayi komai

A zauna da masu kamfanin da shugabannin sassa, domin amsar ba ta ma'aikacin kwamfuta ba ce. Tambaya ta farko: idan wannan VM ɗin ta mutu yanzu, aikin awa nawa za mu iya rasawa mu sake shigar da shi da hannu? Wannan shi ne RPO. Ta biyu: awa nawa za mu iya zama ba tare da ita ba kafin asara ta fi ƙarfinmu? Wannan kuma shi ne RTO. Kowa zai fara cewa nasa sashen ba ya jure ko minti ɗaya, amma da zarar an ajiye musu farashin hakan a kan tebur sai gaskiya ta fito, a gane cewa rumbun bayanan ciniki yana buƙatar kwafi duk minti goma sha biyar, alhali sabar tsofaffin takardu kwafin dare ɗaya ya ishe ta.

Daga nan sai a yi lissafi da alƙalami. Bayanan da suka kai tarabayit 10, idan za a jawo su ta layin intanet mai gudun megabit 100 a daƙiƙa, za su ɗauki fiye da kwana 9, ko da layin bai yanke ko sau ɗaya ba. A layin gigabit 1 kuwa kimanin awa 22 ne. Duk wanda ya yi wa shugabansa alƙawarin tayar da aiki cikin awa huɗu, alhali kwafinsa guda ne kuma yana wata ƙasa, ya yi alƙawarin da lissafi ya riga ya karya.

Sinafshot ba kwafin ajiya ba ne

Wannan wurin ya cancanci a dakata a kansa, domin ya yaudari mutane da yawa. Idan aka ɗauki sinafshot, wato hoton yanayin VM a wani lokaci da za a iya komawa gare shi, manhajar da ke ɗauke da ita tana daina rubutu a kan ainihin faifan VM ɗin, ta buɗe wani sabon fayil a gefensa inda duk wani canji zai riƙa shiga. A VMware za a ga fayil mai ƙarewa da -000001.vmdk, a Hyper-V kuma mai ƙarewa da .avhdx. Wannan sabon fayil ba shi da wata ma'ana shi kaɗai, sai an haɗa shi da na asali, kuma dukansu a ma'ajiya ɗaya suke zaune. Idan ma'ajiyar ta tafi, sun tafi tare.

Abin da ya fi haka muni shi ne sinafshot da aka manta da shi. Ma'aikaci ya ɗauka kafin ya sabunta manhaja, aiki ya yi kyau, ya wuce gida bai goge ba. Fayil ɗin gefe ya ci gaba da kumbura mako bayan mako, VM ɗin tana ƙara nauyi ba a san dalili ba, har ranar da ma'ajiyar ta cika maƙil da tsakar dare, duk VM ɗin da ke buƙatar ƙarin wuri a cikinta ta tsaya cak. Kamfanin VMware da kansa yana ba da shawarar kada sinafshot ya wuce awa 72, kuma ko da yake ana iya jera har 32, kada a wuce biyu ko uku. A sa wa manhajar sa ido ƙararrawa da za ta sanar da duk sinafshot da ya kwana uku.

Yadda ake ɗaukar kwafin gaskiya

Manhajojin wannan aiki, irin su Veeam da Commvault da Proxmox Backup Server, suna magana kai tsaye da manhajar da ke ɗauke da VM ɗin. Suna ɗaukar sinafshot na ɗan lokaci, su kwafe faifan zuwa wata ma'ajiya dabam, sannan su goge shi. Kwafin farko cikakke ne, na bayansa kuwa abin da ya canja kawai ake ɗauka, ta hanyar tsarin bin diddigin canji da ake kira CBT a VMware ko RCT a Hyper-V tun daga Windows Server 2016. Wannan ne ya sa VM mai tarabayit biyu take iya gama kwafinta na dare cikin mintuna.

A kula da VM ɗin da ke ɗauke da rumbun bayanai kamar SQL Server ko Oracle ko PostgreSQL. Idan aka kwafe ta tana tsakiyar rubutu, abin da za a samu daidai yake da kwamfutar da aka zare wa wuta, wataƙila ta tashi lafiya, wataƙila kuma ta tashi da rauni. Don haka a kunna zaɓin da ke sa manhajar ta umarci rumbun ya kammala rubutunsa kafin a ɗauka. A Windows wani sashe nata mai suna VSS ke yin wannan, a Linux kuma ana amfani da wata ƙaramar manhaja da aka girka a cikin VM ɗin tare da ɗan rubutun umarni. Idan RPO na mintuna ne, sai a ƙara da kwafe littafin da rumbun yake rubuta duk wani canji a cikinsa a kai a kai tsakanin manyan kwafe-kwafen.

Inda za a ajiye shi

Ƙa'idar da aka fi sani ita ce 3-2-1: kwafi uku na bayanai, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Wanda ya raba hatsinsa buhu biyu ya zuba su a rumbu ɗaya bai yi wa gobara tanadi ba. A ranar 10 ga Maris 2021 wuta ta tashi a cibiyar kamfanin OVHcloud da ke Strasbourg a Faransa, ta cinye ginin SBG2 ƙurmus, ta kuma taɓa wani ɓangare na SBG1. Wasu abokan cinikin da suke biyan kuɗin kwafin ajiya sai a ranar suka gane cewa kwafin nasu yana nan inda sabobinsu suka ƙone, kuma daga baya kotu ta umarci kamfanin ya biya wasunsu diyya. Saboda haka a tambayi duk wanda yake riƙe wa kamfani kwafi, ya amsa a rubuce: a wane gari yake, kuma a wane gini?

Nisa kaɗai ma bai isa ba, domin masu garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa sun koyi cewa kamfanin da yake da kwafi ba zai biya ba, sai su fara da neman sabar ajiya su goge ta. Suna kuma kai hari kan ESXi kai tsaye, su kulle VM talatin da bugu ɗaya. A Fabrairun 2023 harin da aka sa wa suna ESXiArgs ya kama dubban sabobin da aka bari a buɗe ga intanet, ta wata kafar tsaro a manhajar da aka fitar da maganinta tun shekara biyu kafin nan. Matakan kariya ba su da wuyar fahimta. Kada a haɗa sabar ajiya da Active Directory ɗin kamfani, wato tsarin da ke riƙe asusun ma'aikata da kalmomin sirrinsu, a ba ta asusu da kalmar sirri nata na dabam, da tantancewa mai mataki biyu. A tabbata kwafi ɗaya aƙalla ba ya goguwa har sai wa'adinsa ya cika, ko da mai cikakken iko ne ya ba da umarni, kamar yadda tsarin kulle fayil na ma'ajiyar intanet mai suna S3 Object Lock yake yi, ko ma'ajiyar Linux da aka ƙulle don wannan aiki. Kada kuma a raina kaset. Kaset ɗin ajiyar bayanai samfurin LTO-9 guda yana ɗaukar tarabayit 18 ba tare da matsewa ba, kuma kaset ɗin da aka cire aka sa a akwatin ƙarfe babu ɓarawon intanet da hannunsa zai kai gare shi.

Abin da ya sami kamfanin jiragen ruwa na Maersk a ranar 27 ga Yuni 2017 ya nuna wata kafar da ake mantawa da ita. Sabobinsu na Active Directory suna kwafe wa juna bayanai, don haka aka ɗauka kowace madadin 'yar'uwarta ce. Da muguwar manhajar NotPetya ta shigo sai ta share su gaba ɗaya, in ban da guda ɗaya a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, wadda ɗaukewar wuta ta raba da sauran a daidai lokacin. Da ita aka sake gina sauran. Shugaban hukumar gudanarwar kamfanin na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya bayyana a taron tattalin arzikin duniya na Davos na 2018 cewa sun sake girka sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana 10, kuma asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Na'urorin da ke kwafe wa juna nan take suna kwafe ɓarna da saurin da suke kwafe aiki, don haka dole a sami kwafin jiya da na makon jiya a inda ɓarnar ba ta isa.

Cibiya ta biyu

VM ɗin da ba a jure rashinsu na awanni ana tagwaita su a wata cibiyar, su zauna a kashe suna karɓar canje-canje, a kunna su idan ta farko ta faɗi. Hyper-V Replica yana aikawa duk daƙiƙa 30 ko minti 5 ko minti 15, VMware ma yana da vSphere Replication. Akwai tagwaitawar da ba ta barin rubutu ya kammala sai ɗaya cibiyar ta amsa, amma ita tana buƙatar saƙo ya je ya dawo cikin kimanin milisakan 5. Haske a cikin wayar faiba yana cin milisakan ɗaya a kowane kilomita 100, zuwa da dawowa, don haka tsakanin Legas da Kano, mai kusan kilomita 1,000, ba za ta yiwu ba, sai dai mai aikawa lokaci-lokaci.

Masu dogara da ajiyar girgije, wato ajiya ta intanet a sabobin wani kamfani, da ke Turai su tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da ACE da MainOne da SAT-3 suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Najeriya da Gana da maƙwabtansu, bankuna suka shiga wahala. Kwafin da ke ƙetare yana da amfani, amma a riƙe wani a cikin gida. Idan kuma akwai bayanan mutane a ciki, a ɓoye su da makullin sirri, a kuma duba sharuɗɗan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 kan fitar da su waje.

Gwaji

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani ma'aikacin kamfanin manhaja na GitLab ya goge rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure, da aka juya ga hanyoyin ajiya biyar da suke da su sai aka tarar babu wadda take aiki yadda aka zata. Ɗaya daga ciki ta daɗe tana faɗuwa, saƙon gargaɗinta kuma ba ya isa akwatin kowa. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan ne ya cece su. Don haka kada a jira saƙon gazawa, a sa mutum takamaimai ya riƙa duba rahoton nasara kowace safiya, ya kuma binciki duk VM ɗin da ba ta bayyana a cikinsa ba.

Kowane wata a zaɓi VM biyu ko uku, a mayar da su a keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa da ba ta haɗu da ta aiki ba, a kunna su, a kira akawun kamfani ya shiga ya buɗe rasit ɗin jiya da idonsa. Sau ɗaya ko biyu a shekara kuma a yi babban gwaji, a ɗauka cibiyar farko ta ƙone, a riƙe agogo. A nan ne ake gano cewa jerin tayarwa yana da muhimmanci: hanyar sadarwa da DNS, mai fassara sunan kwamfuta zuwa adireshinta, da Active Directory su fara, rumbunan bayanai su biyo, sannan manhajojin da suka dogara da su. A nan ne kuma ake gano abubuwan da ba sa cikin kowace VM, wato saitin na'urorin sadarwa da bangon tsaro, lasisin manhajoji, da kundin ita kanta sabar ajiyar.

Duk abin da gwajin ya koyar a rubuta shi mataki-mataki, yadda ma'aikacin da bai gina tsarin ba zai iya bi da ƙarfe uku na dare, tare da lambobin wayar masu ruwa da tsaki da sunan wanda yake da ikon ayyana cewa a koma cibiya ta biyu. A buga shi a takarda, domin fayil ɗin da ke cikin sabar da ta mutu ba ya karantuwa. Makullin sirrin kwafin da kalmomin sirrin gaggawa a sa su a ambulan, a rufe, a ajiye a wurare biyu. A ƙara masa da babin komawa gida: yadda za a kwashe cinikin da aka yi a cibiya ta biyu a mayar cibiyar farko bayan an gyara ta, da ranar da za a tsayar da aiki don yin hakan, da wanda zai tabbatar alƙaluman ɓangarorin biyu sun daidaita kafin a buɗe wa ma'aikata.